Ikwalaizar da Ta Tona Asirin Mai Kunne

Tun da Malama ta ga Baba ya miƙe ya nufi kantar rediyo, gabanta ya yanke ya faɗi.

"Baba, shayinka zai huce," ta ce da sauri.

Bai waiwayo ba. Ta bayansa ta yi maganar, an kuwa daɗe rabon da maganar da aka yi wa Baba ta baya ta isa inda aka aike ta.

Manaja yana zaune kan doguwar kujera, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana juya makullin mota a yatsa. Shi ne mai kula da bas-bas na kamfanin da ke ba garejin Baba aiki, shi ne kuma ya daɗe yana neman auren Malama tana ba shi amsa guda cikin ladabi kala-kala. Ba mummuna ba ne, ba kuma marowaci ba. Aibinsa dai, in ya ba ka abu sai ya dawo ya ga inda ka ajiye.

Yau ma abin da ya kawo shi ke nan. Sabon kayan sautin da ya saya wa Baba, mai lasifika kusan tsayin mutum, yana can lungun falo an lulluɓe shi da ƙyalle, har an ɗora masa kwandon zare.

"Naka yana da ƙarfi, ban musa ba," Baba ya ce da muryar nan tasa da ta saba gasa da inji. "In na kunna shi har gilashin taga rawa yake. Amma ƙarfi daban, magana daban. Tsaya ka ji abin da mai wayoyin nan ya yi min da ɗan akwatin da ko kuɗin taya guda bai kai ba."

Gwaggo, yayar Baba, wadda ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifiyar Malama, ta ɗago ta dubi 'yar ƙanenta. Sannan ta kai hannu ta ƙara jawo ɗankwalinta kan kunnuwa.

* * *

Mai Kunne ake ce wa Baba, har yawancin direbobi ba su san masa wani suna ba. Tun yana saurayi, in mota ta shigo gareji ba ya tambayar ciwonta. Sai ya ce a bar ta a kunne, ya karkata kansa hagu, ya lumshe ido, ya faɗi abin da ke damunta kafin a ɗauko sifana. Da wannan kunnen ya gina gida, da shi ya tura Malama makaranta har ta zama mai koyar da 'ya'yan wasu.

A 'yan shekarun nan sai ya fara mita. Masu karanta labarai na yanzu ba su iya magana ba, a hanci suke yi. Mawaƙan da ma, kaset ɗinsu ya gaji. Yana ƙara murya, maƙwabta suna aiko da gaisuwa mai ma'ana, shi kuwa har yanzu kalmomin kamar an dama su.

Dogo, mai gyaran kayan sauti, wanda Baba ba ya kira sai da mai wayoyi, shi ne wanda Malama take so. Baba ya sha cewa ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da sana'arsa ihu ce ba. Wata ranar hutu Dogo ya zo da wani siririn baƙin akwati na hannu, ya ce sunansa ikwalaiza. Ya ratsa shi tsakanin rediyon da amfilifaya, bai taɓa tsofaffin lasifikokin katakon nan biyu da Baba yake ji da su ba. Fuskar akwatin maɓallai ne masu hawa da sauka, goma na lasifikar hagu, goma na dama. Kowane layi yana farawa daga sauti mai kauri, ya ƙare a mai siriri. In duk suna tsakiya, sauti yana wucewa yadda ya zo.

Dogo ya zaunar da Baba a kujerarsa tsakanin lasifikokin, ya durƙusa yana tura maɓallan ɗaya bayan ɗaya.

"Nan fa, Baba?"

"Ƙara."

"Yanzu fa?"

"Ƙara dai, kai ma rowa kake da kayan naka?"

Can sai Baba ya ɗaga hannu. Mai karanta labarai yana magana, kowace kalma da gefenta, kamar an wanke ta. Malama tana bakin labule ta ga leɓen mahaifinta yana rawa. A satin ne ya ce mata, yana kallon wani wuri daban, "Ki ce wa mai wayoyin nan yana iya turo manyansa."

Ana yawan yabon wanda ya yi wa tsoho abin da yake so. Ba a cika tambaya ba ko abin da tsohon yake so ɗin zai bar shi lafiya.

* * *

Baba ya danna maɓallin kunnawa.

Abin da ya fito bai yi kama da magana ba. Kamar ana kankare tasa da cokali, kowane sin da shin na mai labarai yana soke kunne kamar allura. Manaja ya zabura, makullin ya suɓuce masa. Baba kuwa ya harɗe hannuwa a ƙirji, fuskarsa fal murna.

"Ka ji ko? Tsaf-tsaf!"

Manaja ya dubi Baba. Ya dubi Malama, ta sunkuyar da kai. Ya tashi a hankali ya je gaban kanta, ya sunkuya yana kallon akwatin. Maɓallan kauri sun ɗan sauka ƙasa da tsakiya. Daga nan sai hawa kamar matakala, har na ƙarshe suka bugi rufi. Layin hagu ya fi na dama saurin hawa.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙa yatsa ya kashe.

"Wa ya saita wannan, Baba?"

"Shi da hannunsa, ni da kunnena."

"Da kunnenka." Manaja ya koma ya zauna, ya juyo da fuskarsa sosai wajen Baba, yana fitar da kalmomi ɗaya-ɗaya. Wannan ladabin ne ya fi komai tsorata Malama. "Duk shekara muna kai direbobinmu likita ya gwada musu kunne. Yana ba su takarda mai zane. Wanda jinsa ya fara tafiya, zanensa gangarowa yake ta wajen siririn sauti. Wannan akwatin zanen nan ne, Baba, an dai kifa shi ne. Duk inda maɓalli ya hau, a nan ji ya sauka."

"Manaja, don Allah," Malama ta ce.

"Bari ya gama, Uwata." Baba bai ɗauke ido daga bakin baƙon ba.

"Watan jiya," Manaja ya ci gaba, "bas ɗinmu ta fita daga garejinka, iskar birki ta tsiyaye a gangare. Allah ya taƙaita, direba ya goga ta da dakalin titi ta tsaya. Cike take da mutane. Ya rantse min tun a gareji yana jin wani ɗan huci, amma da ya ga Mai Kunne ya zagaya ya ce ta fita, sai ya ɗauka kunnensa ne ke masa gizo. Na tsare maganar. Na ce tiyo ne ya fashe a hanya."

Manaja ya ƙara matsowa.

"Huci siririn sauti ne, Baba."

Baba ya nemi hannun kujera ya zauna.

"Ni ban zo tona kowa ba," Manaja ya ce, ya sunkuya ya tsinci makullinsa. "Mai kamfani yana ta tambayata, ni kuma bakina yana da nauyi a kan nawa. Abin gida a gida yake zama. Sai dai mutum ya san ko shi ɗan gida ne." Ya saci kallon Malama. "Gobe da safe akwai mota a garejinka. Zan zo da kaina."

Ya yi sallama cikin girmamawa, har da rusunawa.

* * *

"Ƙarya yake," Baba ya ce bayan ƙarar motar ta ɓace. "Hassada ce, don na rufe nasa da ƙyalle. Yaya, ke ma ai kina ji kullum. Akwai abin da ya samu sautin nan?"

"Ni me na sani a rediyo, Bakanike? Ni da ko tasha ban iya kamawa ba."

"Me kika ce?"

Gwaggo ba ta ji tambayar ba. Baba ya tsura mata ido. Ya tashi, ya je, ya ɗage gefen ɗankwalinta da yatsa biyu. Farar auduga ce dunƙule a kunnenta.

"Tun yaushe?"

Gwaggo ta zare audugar, ta murza ta a tafin hannu. "Tun ranar da aka kawo shi. Haƙorana har tsami suke in ka kunna. To me za mu ce maka? Mutum ya shekara yana tsaki, rana ɗaya ya yi dariya, sai mu ce masa dariyar ta yi ƙara?"

Ya juya ga Malama. Ba ta jira tambaya ba, hawaye suka riga ta.

"Kira min mai wayoyin nan," ya ce. "Yanzu."

Rana ta yi sanyi lokacin da Dogo ya iso, da jakar kayan aikinsa a kafaɗa, yana zaton waya ce ta kwance. Yana ganin fuskokinsu ya sauke jakar a bakin ƙofa, ya durƙusa.

"Tashi ka zo gabana, inda zan ga bakinka," Baba ya ce. "Ranar da kake tura maɓallan nan, ka san abin da kake rubutawa?"

Dogo ya tashi ya matso gabansa. "Daga na bakwai na fara zargi, Baba. Da na kai na ƙarshe kana cewa in ƙara, na sani."

"Ka sani. Ka zauna a falona, ka auna ni kamar tsohuwar mota, ka rataye sakamakon a kanta kowa ya shigo ya karanta. Sannan ka sha shayina ka tafi."

"Wallahi ba da nufin haka ba ne. Na ga ka ji daɗi. Na ce bari in bar ka da daɗin tukuna."

"Tukuna sai yaushe?"

Baba bai jira amsa ba.

"Sai an ɗaura, ko?"

"E, Baba," ya ce a hankali. "Na ji tsoron in faɗa ka kore ni. Na ɗauka maganar rediyo ce kawai. Ban yi tunanin gareji ba."

"Ai kuwa gara da ka faɗi gaskiya," Gwaggo ta sa baki, "ko ba komai..."

"Yaya, ki bar ni da shi."

Baba ya shafa fuskarsa da hannuwan nan da baƙin mai ya zauna a layukansu har abada. Da ya sake magana, muryarsa ta sauka, abin da Malama ba ta saba ji ba.

"Saurara, yaro. Abin da Manaja ya riƙe shi ne akwatin nan. Ba shi da likita, ba shi da takarda. Gobe za ka zo gareji. A gabansa za ka ce akwatin na hannu ne, cikinsa ya lalace, sai an kai maɓallan ƙarshe yake fitar da abin da lafiyayye ke fitarwa a tsakiya. Ka ce kuskurenka ne, ka sayo ruɓaɓɓen kaya. Shi ba sana'arsa ba ce, ba zai iya musa maka ba." Ya ja numfashi. "Ka yi min wannan, manyanka su zo ranar da suka ga dama. Ba zan tambaye ka komai ba."

Malama ta ɗago. Zuciyarta ta buga da wani abu mai kama da murna, ta ji kunyar kanta, amma bugun bai tsaya ba.

"Motar goben fa, Baba?" Dogo ya tambaya.

"Me ya same ta?"

"Wa zai saurari birkinta?"

"Wanda ya saba."

Dogo ya kalli ƙasa. Ya kalli Malama, kallon da ta so a ce bai yi ba.

"Baba, ka ce in faɗa a tsakiyar kasuwa ban iya aiki ba, zan faɗa. Ka ce in rufe shago, zan rufe. Amma in na ce akwatin ne ya lalace, na ce kunnenka lafiya ke nan. Gobe ka zagaya mota ka ce ta fita."

"Kai za ka koya min birki?"

"Ban san komai a birki ba. Na dai san abin da ka daina ji, don da hannuna na auna."

"To cire kayanka."

"Baba!" Malama ta zube a gabansa. "Don girman Allah, Baba, ka tsaya a yi magana. Akwai abin sawa a kunne, likitoci suna..."

"In shiga gareji da waya a kunne, direbobi suna nuna ni da baki? Mai Kunne da kunnen aro?" Ya ture hannunta, ba da ƙarfi ba. "Cire kayanka, na ce. Maganar manyanka kuma, ka ce musu su huta."

Dogo ya durƙusa gaban kanta. Ya zare wayoyin akwatin, ya mai da na rediyon cikin amfilifaya kamar yadda ya same su, har ya ɗaure su da kyau don kada su ja ƙasa. Bai bar aikin a rabi ba.

* * *

A bakin ƙofar gida Malama ta tare Dogo, mayafinta a karkace.

"Kalma ɗaya ce," ta ce. "Ɗaya tak. Ka ce ya lalace. Ni zan lallaɓa shi daga baya, in kai shi likita, in sa ya ɗauki wani ya riƙa saurara masa. Ka ba ni lokaci kawai."

"Motar gobe ba ta san da lokacinki ba, Malama."

"Kada ka ce min Malama yanzu! Shekara nawa muna jiran ya ce to? Ya ce, da bakinsa ya ce, kai kuma ka tsaya kana min wa'azi da akwati a hammata!"

"Ba wa'azi nake ba. Ni ma na yi shirun ai. Tun ranar ya kamata in faɗa, na zaɓe ki na bar gaskiyar. Ga inda ta kai mu."

"To ka sake zaɓa ta mana. Sau ɗaya."

Idanunsa sun kaɗa. "'Yan ajinki da wace mota suke zuwa makaranta?"

Ta ɗaga hannu kamar za ta toshe masa baki, ta sauke.

"Ka san abin da Manaja yake so," ta ce cikin kuka. "Baba ba zai tilasta min ba, bai taɓa ba. Zai dai zauna a kujerar nan yana ƙanƙancewa kullum, mutumin nan yana shigowa yana rusuna masa, har in gaji da kallo in ce na yarda da kaina. Haka za a yi. Ka sani, na sani."

"Na sani."

"Amma ba za ka faɗa ba."

"Ba zan iya ba."

"To Allah ya ba ka wadda za ta aure ka da gaskiyarka," ta ce, ta juya ta shige, ta bar shi tsaye.

Daga falo rediyo yana tashi, an ƙure murya har ƙarshe. Ta leƙa. Baba ya matso da kujerarsa dab da lasifikar dama, ya kara kunne, goshinsa a tattare. Ta saki labulen.

* * *

Da safe Malama ta shirya kamar mai zuwa makaranta. A mararraba ƙafafunta suka ɗauki hanyar gareji. Ba ta da abin da ta shirya faɗa. Ta tsaya jikin ƙofar ƙarfe, jakar littattafan 'yan ajinta a ƙirji.

Bas ɗin tana tsakiyar fili, doguwa, an wanke ta. Direba yana ciki yana ba ta wuta don iska ta cika tankunan birki. Manaja yana gefe cikin farar riga, yana kaffa-kaffa da tabon mai. Wasu direbobi suna zaune kan benci suna jiran layinsu.

Baba ya fito daga rumfa cikin shuɗin kayan aikinsa. Ya ɗaga hannu, direba ya kashe inji.

Ƙa'idar garejin ce, in Mai Kunne zai saurari birki, ko tari ba a yi. Mai walda ya ajiye abin hannunsa. Direba ya taka birki ya riƙe. Baba ya fara zagayawa, kansa a karkace. In ya gamsu, yakan bugi jikin motar da tafin hannu, direba ya ja ya tafi. Ba a taɓa jin wanda ya tambayi dalili ba.

Malama ta ji shi tun daga inda take.

Siriri ne, kamar maciji a cikin ciyawa, yana fitowa daga wajen tayoyin baya. Ta dubi benci. Wani dattijon direba ya ɗan ɗaga kai, ya dubi na kusa da shi, suka mai da ido ƙasa. Su wa, da za su riga Mai Kunne ji? Ta dubi Manaja. Shi ma ya ji, ta gani a wuyansa da ya ƙage. Bai ce uffan ba. Jira yake a bugi motar, ya ƙara abin riƙewa.

Baba ya iso tayoyin baya. Ya tsaya daidai kan hucin. Ya lumshe ido. Fuskarsa ba ta nuna komai ba.

Ya wuce.

Ya zagayo gaba, ya ɗaga tafin hannunsa.

Ta buɗe baki. In ta yi magana, ta tsiraita mahaifinta a gaban mutanen da suka girmama shi tun ba a haife ta ba. In ta yi shiru, motar nan hanyar makaranta take bi. Jakar ta suɓuce daga hannunta, littattafai suka watse a ƙasa.

Faɗuwarsu bai ji ba. Farin takardun ya gani ta gefen ido, ya juyo.

Suka haɗa ido. Bai tambayi me ya kawo ta ba. Ya daɗe yana karanta fuskarta, yadda ya koyi karanta fuskoki a shekarun nan ba tare da ya yarda yana yi ba. Daga ita ya dubi benci, ya ga kawuna a sunkuye. Ya dubi Manaja.

Hannunsa yana nan a sama.

Ya sauke shi a hankali, ya sa a aljihu.

"Akwai huci, ko?" ya ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji.

Babu wanda ya amsa.

"Tambaya nake! Kai, dattijo, shekara nawa muna tare? Akwai ko babu?"

"Akwai, Mai Kunne," dattijon direban ya ce, kamar mai roƙon gafara. "Ta baya, hannun hagu."

"A kansa na tsaya?"

"A kansa ka tsaya."

Baba ya gyaɗa kai. "To ku ji da kyau, ku da kuke ji. Ni ban ji komai ba. Ba yau ya fara ba. Ta watan jiya ma ni ne, ba tiyo ba ne." Ya juya ga Manaja. "Ka gaya wa mai kamfani, ko ka bari in je da ƙafata. Motar nan ba za ta fita ba sai an kwance ta an shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, a ga kumfa da ido. Abin da ka riƙe kuma, ka ga na raba wa kowa. Sai ka nemi wani."

Manaja ya ja da baya. Ya taka tabon mai bai lura ba.

Malama ta ruga, ta manta da littattafan, ta kama hannun rigar mahaifinta tana kuka tana dariya. Ta tsaya a gabansa sosai don ya ga bakinta.

"Baba, ka gama da shi! Ba shi da sauran abin da zai riƙe mu da shi. Bari in kira Dogo, wallahi in ya ji..."

"A'a."

"Baba, ai abin da ya ce ke nan jiya. Gaskiyarsa ce ka..."

"Gaskiyarsa ce. Na ce ƙarya ya yi?" Ya zare hannun rigarsa daga nata. Idanunsa jajur, amma babu ɗigon hawaye. "Jiya na roƙi yaron nan, Uwata. Ni, a falona, a gaban yayata da 'yata, na roƙe shi ya yi min ƙarya, na sa ki a matsayin lada. Ya dube ni ya ƙi. Duk ranar da ya shigo gidana ya durƙusa ya ce Baba, abin da zan gani ke nan a idonsa."

"Ba zai taɓa tuna maka ba. Na rantse."

"Ba sai ya tuna min ba."

"To ni fa? Ni ya zan yi?"

Ya kalli bakinta har ta gama. Ta tabbata ya gane kowace kalma.

"Ki auri wanda kika ga dama, ban hana ki ba," ya ce. "Shi ma in kin nace, ga Gwaggonki nan, ga kawunnanki, su ba da ke. Amma ranar da kika shiga gidansa, kin san ƙofar da ba za ku shigo tare ba."

Ya juya ya nufi rumfa yana kiran a kawo bokiti da sabulu.

Wayarta ta fara ruri a cikin jaka, can ƙasa tsakanin littattafai. Ta san Dogo ne. Duk garejin suka waiwayo suna kallonta, ban da mutum ɗaya.